Idan NBA ta soke zaɓen sababbin 'yan wasa, wa zai ci riba, wa zai faɗi?

Wani ɗan'uwa mai bibiyar ƙwallon kwando ya yi tambaya kamar haka: "Malam, a ƙwallon ƙafa na Turai yaro da wakilinsa ne suke zaɓen kulob ɗin da zai je. Amma a NBA sai na ga ƙungiyoyi ne suke ɗaukar yara bi da bi, yaron ba shi da ta cewa. Me zai hana a soke wannan tsari a bar kowane sabon ɗan wasa ya yi ciniki da ƙungiyar da ya ga dama? Ko hakan zai kashe ƙananan ƙungiyoyi ne?"

Ɗan'uwa, ni ina cikin masu ganin ya kamata a soke shi. Amma da sharaɗi guda, wanda idan ba za a cika shi ba gara a bar abin yadda yake: in an bar yaro ya zaɓi garin da zai je, to a bar shi ya yi ciniki a kan albashinsa ma. Rabin 'yanci a nan ya fi rashin 'yancin ɓarna, kuma zan nuna maka inda aka gwada aka gani.

Bari mu fara da yadda abin yake. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Kowace shekara a watan Yuni ana yin zaɓen da suke kira diraf, zagaye biyu, gurbi 60. A tsarin da aka fara aiki da shi a 2019, ƙungiyoyi 14 da ba su kai wasannin neman kofi ba sai a jefa musu ƙuri'a: ƙananan ƙwallaye 14 a cikin na'ura, a zaro huɗu, kowace ƙungiya tana da nata jerin lambobi gwargwadon yawan kashin da ta sha a kakar da ta wuce. Gurbi huɗu na farko ƙuri'a ce take raba su, sauran kuma a jera su daga wadda ta fi kowa faɗuwa zuwa wadda ta fi kowa nasara. Yaron da aka kira sunansa, ƙungiyar da ta kira shi ce kaɗai take da ikon ɗaukarsa a duk faɗin gasar. In ya ƙi, sai dai ya tafi wata ƙasa, kamar yadda Danny Ferry ya tafi Italiya a 1989 don gudun Clippers, ko kuma ya kafe har a gaji a sayar da shi, kamar yadda Steve Francis ya yi wa Vancouver a 1999.

Wannan ƙafa ɗaya ce. Ƙafa ta biyu, wadda mutane suka fi mantawa da ita, ita ce ƙayyadadden albashin sabon shiga. Da can yaro yana iya ja da ƙungiyar da ta zaɓe shi a kan kuɗi. A 1994 Glenn Robinson, bai taɓa buga ko minti ɗaya a NBA ba, ya karɓi kwantiragin shekara goma na dala miliyan 68 daga Milwaukee. Abin ya ɓata wa masu ƙungiyoyi rai, ya kuma ɓata wa tsofaffin 'yan wasa rai, shekara na zagayowa, a 1995, aka kafa jadawalin albashi: lambar da aka zaɓe ka a kai ita ce take yanke abin da za a biya ka. A yau ɗan zagayen farko yana samun shekara biyu tabbatattu, sai wasu biyu da ƙungiya ce take da zaɓin riƙe shi ko sallamarsa. Bayan shekara huɗun ma bai kuɓuta ba, domin duk tayin da wata ƙungiya ta yi masa, tasa tana da ikon ta biya daidai da shi ta riƙe abinta. Shi ya sa fitattun yara kusan duka suke sa hannu a kan ƙarin shekara biyar. Ka lissafa: yaron da aka zaɓa yana ɗan 19 zai kai 28 kafin karon farko ya zauna ya zaɓi inda zai yi aiki. A sana'ar da mutum yake ƙarewa tun yana ɗan talatin da 'yan kai, wannan ai shi ne tsokar rayuwar aikinsa.

Dubi Victor Wembanyama, ɗan Faransa da San Antonio ta ɗauka a 2023. Shekararsa ta farko an biya shi kusan dala miliyan 12, kwantiragin gaba ɗaya kusan miliyan 55 a shekara huɗu. A waccan kakar iyakar albashin ƙungiya, wato ma'aunin da gasar ta sa wa jimillar abin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta a shekara, dala miliyan 136 ce, kuma mafi girman abin da doka ta yarda a ba ɗan wasa mai ƙarancin shekaru a gasar shi ne kashi 25 cikin ɗari, wato miliyan 34. Babu ƙungiya ɗaya da take da sarari wadda za ta yi jinkirin ba shi miliyan 34 ɗin nan. Ratar miliyan 22 a shekara ba ta ɓace a iska ba, wasu ne suka ci ta. Haka aka yi wa LeBron James a 2003: kamfanin Nike, da yake ciniki ne na kasuwa, ya ba shi kusan dala miliyan 90 tun kafin a zaɓe shi, Cleveland kuwa kusan miliyan 13 ta biya shi a shekara uku na farko. Mutum ɗaya, lokaci ɗaya, farashi biyu.

Hujjar masu kare diraf ita ce tausayin mai rauni: a ba wanda ya fi faɗuwa yaron da ya fi kowa, don kada gasa ta zama ta mutum uku. Niyyar ba ta da laifi. Matsalar ita ce, duk inda ka sa lada a kan faɗuwa, za a sami masu faɗuwa da gangan. Kuma ba yau aka fara ba. Daga 1966 zuwa 1984 kwabo ake jefawa tsakanin na ƙarshe a gabas da na ƙarshe a yamma. A 1984 aka yi ta zargin Houston da sakin wasanni a ƙarshen kaka, ta kuwa ci kwabon ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, a shekarar da Chicago ta sami Michael Jordan a gurbi na uku. Wannan zargi ne ya haifi ƙuri'a a 1985. Bai magance ba. Philadelphia a ƙarƙashin manajanta Sam Hinkie ta fito fili ta mayar da faɗuwa manufa: cikin wasanni 82 ta ci 19, shekara ta gaba 18, ta uku 10 kacal. A cikin wannan zamani ta sami Joel Embiid na Kamaru, amma mutanen garin sun yi shekara uku suna biyan kuɗin tikiti don kallon ƙungiyar da shugabanninta ba sa son ta ci. A 2018 aka ci tarar Mark Cuban, mai Dallas a lokacin, dala 600,000 don ya faɗa da bakinsa cewa faɗuwa ce ta fi musu alheri. A 2023 aka sake cin Dallas ɗin tarar dala 750,000 don ta ajiye manyan 'yan wasanta a benci a wasan da take da sauran damar tsallakewa, saboda kada gurbin zaɓenta ya suɓuce.

Abin da ya fi damuna a nan ba masu kallo ba ne kaɗai. Ka tuna akwai matasa goma sha biyar a cikin ɗakin sauya kaya da aka koya musu tun suna yara cewa a mutu a fili kafin a yarda a sha kashi, ga shi kuma sun gane cewa ofishin da yake sama da su addu'ar akasin haka yake yi. Koci ya san ba a ba shi kayan aiki ba, kuma shi za a kora a ƙarshe. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yakan ɗauki shekaru kafin ya warke daga halayen da ya koya.

A 2019 NBA ta sake gyara ƙuri'ar. Da na ƙarshe yana da kashi 25 cikin ɗari na samun gurbi na ɗaya, aka mayar da ukun ƙarshe kowa kashi 14. Sai aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Detroit ta zo ta ƙarshe shekara biyu a jere, 2023 da 2024, a ta biyun har ta sha kashi sau 28 ba tsayawa, amma duka biyun gurbi na biyar ta samu. Atlanta ta ci ƙuri'ar 2024 da kashi 3, Dallas ta ci ta 2025 da kashi 1.8 ta ɗauki Cooper Flagg, alhali shekara ɗaya kafin nan ita ce ta buga wasan ƙarshe na kofi. Ka ga tarkon: in ka ƙarfafa damar mai rauni, ka ƙarfafa faɗuwar ganganci, in ka raunana ta, to tausayin da ka ce shi ne dalilin tsarin ya tafi, saura ƙwace wa yaro zaɓi kawai.

To shin diraf yana ɗaga masu rauni? Wani lokaci ƙwarai kuwa. San Antonio ƙaramar kasuwa ce, da David Robinson a 1987 da Tim Duncan a 1997 ta gina gidan da ya ci kofi biyar. Ba zan ɓoye wannan ba, domin ita ce hujja mafi ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Sai dai zaɓen yaro ɗan 19 cinikin biri a sama ne. Cleveland ta ɗauki Anthony Bennett a gurbi na ɗaya a 2013, a zaɓen da Milwaukee ta sami Giannis Antetokounmpo, ɗan iyaye 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, a gurbi na 15. Denver ta sami Nikola Jokić a na 41 a 2014. Waɗannan biyun su ne suka kawo wa ƙananan garuruwansu kofi a 2021 da 2023, kuma ba faɗuwa ce ta kawo su ba, idon masu farautar hazaƙa ne da haƙurin masu horarwa. Sacramento kuwa kaka 16 a jere ta yi ba ta shiga wasannin kofi ba, kusan kowace shekara tana zaɓe a sama, bai fitar da ita ba. Ƙungiyar da shugabancinta ya lalace, ko yara nawa ka zuba mata lalata su za ta yi, kuma yaran ne suke biyan farashin.

Yanzu ga tsoron da ka ambata, cewa kowa zai gudu Los Angeles da New York da Miami. Mai kallon ƙwallon Turai yana da dalilin wannan tsoro, domin ya ga Bayern Munich ta ci gasar Jamus sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023. Amma a Turai babu iyakar albashi iri ɗaya da ta ɗaure kowa, mai kuɗi yana saye har ya gaji. A NBA akwai ta tun kakar 1984-85, kuma yarjejeniyar 2023 ta ƙara mata haƙora: ƙungiyar da ta wuce wani mataki na kashe kuɗi ana ɗaure mata hannu a musayar 'yan wasa da ɗaukar sababbi. Ƙungiya mai ƙarfi, saboda tana biyan taurari biyu ko uku, kusan kullum aljihunta a cike yake. Ƙungiya mai rauni ita ce take da fili.

Mu koma 2023 mu ɗauka Wembanyama yana da 'yancinsa. Denver, mai riƙe da kofi, abin da doka ta bar mata ta yi wa sabon mutum tayi bai wuce dala miliyan 5 a shekara ba. Houston, wadda ta yi shekara uku a ƙasan tebur, tana da filin da ta ba Fred VanVleet kusan miliyan 130 a shekara uku. (VanVleet ɗin nan, ka sani, babu wanda ya kira sunansa a zaɓen 2016.) Yaro zai zauna da iyayensa da wakilinsa ya auna miliyan 34 da miliyan 5. Wani zai iya zaɓen kofi, amma mafi yawa kuɗin za su bi, musamman da yake gwiwa ɗaya in ta tsinke komai ya ƙare. Sannan akwai abin da ya fi kuɗin yau daraja a wurin sabon shiga, wato lokacin wasa. Mutum biyar ne a fili, ƙwallo ɗaya ce. Yaron da yake son babban kwantiragi na biyu dole ya je inda za a ba shi minti talatin da biyar a dare, a bar shi ya yi kuskure ya gyara. A gidan zakaru benci zai ɗumama.

Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan sharaɗin da na faɗa tun farko. In aka soke zaɓe amma aka bar jadawalin albashi, to kowace ƙungiya tayi ɗaya za ta yi, sai yaro ya zaɓa da abin da ya rage: girman gari, yanayi mai daɗi, kuɗin talla, jihar da ba ta karɓar harajin albashi kamar Texas da Florida. A nan ne Memphis da Utah da Toronto za su shiga uku. An ga haka a wasan besbol na Amurka. Ɗan wasan waje da bai kai 25 ba, akwai ƙayyadadden asusu da kowace ƙungiya take da shi don ɗaukarsa. Shohei Ohtani ya zo daga Japan a ƙarshen 2017 ya karɓi abin da bai kai dala miliyan biyu da rabi ba na sa hannu, ya zaɓi Angels a yankin Los Angeles. Roki Sasaki a Janairun 2025, da yake babu wanda zai iya fin wani tayi sosai, ya zaɓi Dodgers ta Los Angeles, waɗanda watanni uku kafin nan suka ci kofi. Da kuɗi yana magana, da ƙaramar ƙungiya ta sami abin faɗa.

Besbol ɗin ya kuma nuna wani haɗari da ban ɗauke shi da wasa ba. A ƙasashe irin Jamhuriyar Dominika, inda babu zaɓe, ƙungiyoyi sukan ƙulla alkawarin baka da yara tun suna 13 ko 14, shekaru kafin doka ta yarda a sa hannu, kuma in yaron bai girma yadda aka zata ba a watsar da shi. A 2017 aka kori babban manajan Atlanta Braves daga harkar saboda karya dokokin ɗaukar yaran waje. Mu nan mun san irin wannan a ƙwallon ƙafa, mun san dillalan da suke karɓar kuɗin iyaye da sunan kai yaro Turai. NBA ma tana da tarihin yarjejeniyar ɓoye: a 2000 aka kama Minnesota da alkawarin sirri da Joe Smith, aka ci ta tarar dala miliyan 3.5, aka ƙwace mata gurabe biyar na zagayen farko, daga baya aka mayar da biyu. Ranar da aka buɗe kasuwar sababbin shiga, irin wannan zai ƙaru, zai kuma gangara zuwa makarantun sakandare da sansanonin horo a Afirka da Turai. Wanda ya ce a soke diraf bai kawo maganin wannan ba, bai gama aikinsa ba.

Akwai wadda ta riga ta yi ƙundunbala. A Agustan 2024 gasar ƙwallon ƙafa ta mata ta Amurka, NWSL, wadda Asisat Oshoala ta koma daga Barcelona a shekarar, ta soke nata zaɓen gaba ɗaya, ta kuma riƙe iyakar albashi. Dalilinta a fili yake: tana gogayya da Ingila da Sifaniya da Faransa a kan 'yan wasa, yarinyar da aka tilasta wa gari sai ta hau jirgi. NBA ba ta da irin wannan kishiya. Babu gasar ƙwallon kwando a duniya da take biyan ko kusa da abin da take biya, shi ya sa babu abin da yake matsa mata.

Nan ne muka zo kan dalilin da ya sa ba na sa ran ganin canjin nan kusa. A dokar Amurka, kamfanoni talatin su haɗa baki su raba ma'aikata a tsakaninsu laifi ne, sai dai in ƙungiyar ƙwadago ta amince da hakan a yarjejeniya. Wani ɗan wasa, Leon Wood, ya kai ƙara a kan wannan, kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ita a 1987 bisa wannan dalili. Ke nan ƙungiyar 'yan wasa ce take riƙe da mabuɗin. To su wane ne membobinta? Waɗanda suka riga suka shiga. Kason 'yan wasa daga kuɗin shigar gasar ƙayyadajje ne, tsakanin kashi 49 da 51 cikin ɗari. Duk dalar da aka ƙara wa sabon shiga, daga tukunyar tsoho aka ɗebo ta. Wancan miliyan 22 na Wembanyama, ɗan wasa mai shekara takwas a gasar da yake zaune a tsakiyar benci yana cikin waɗanda suka ci ta. Kashin dankali ne sosai, kuma wanda aka danne ba ya cikin ɗakin da ake jefa ƙuri'a, yana aji a sakandare.

Masu ƙungiyoyi kuwa, gurbin zaɓe ya zame musu kuɗin ciniki. Ana sayar da shi har na shekara bakwai masu zuwa. Boston ta ba Brooklyn tsofaffin taurarinta a 2013 ta karɓi guraben da suka zama Jaylen Brown da Jayson Tatum, suka ci kofi a 2024. Oklahoma City ta sayar da Paul George a 2019 ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander da tarin gurabe, ta ci a 2025. In aka soke zaɓe gobe, ƙungiyar da ta ba da tauraronta don gurbin 2030 me za a ce mata? Dole a yi sanarwa shekara bakwai gaba, ko a mayar da kowane gurbi wani adadin kuɗin ɗaukar yara da za a iya saye da sayarwa. Za su kuma nuna maka cewa daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ci kofi bakwai, su ce me za a gyara. Ni a ganina tsaurin iyakar albashi ne ya kawo wannan fiye da ƙuri'a, amma mai riƙe da tsarin da yake kawo masa kuɗi ba ya gaggawar bincika wace ƙafa ce take ɗauke da nauyin.

Da ni za a tambaya yadda za a tsara, ga abin da zan ce. A bar ƙa'idar shekara 19. A ware mako biyu bayan kammala kaka, kafin nan duk ƙungiyar da aka kama tana magana da yaro ko danginsa a ƙwace mata damar ɗaukar sababbi na wasu shekaru, domin tarar kuɗi ba ta tsorata attajirin da ya mallaki ƙungiya. Kuɗin yaro ya fito daga cikin iyakar albashin ƙungiya kamar na kowa, har zuwa kashi 25, kwantiragi kada ya wuce shekara huɗu. Ƙungiyoyin da ba su kai wasannin kofi ba a ba su ɗan ƙarin fili, amma daidai wa daida, ta 17 da ta 30 abu ɗaya, don kada wasan watan Afrilu, wato na ƙarshen kaka, ya sake zama abin da ake son rasawa. Ƙananan garuruwa za su yi asarar abu guda na gaske, wato sa'ar da take jefo musu Duncan daga sama ba tare da sun nema ba. A madadinsa za su koyi jan hankalin yaro da koci nagari, likitoci nagari da tabbacin lokacin wasa.

Alamun sun fara fitowa daga ƙasa. A 2021 Austin Reaves ya nemi kada a kira sunansa a zagaye na biyu, don ya zaɓi Lakers ta Los Angeles da kansa, kuma wakilai da dama suna yi wa yaransu irin wannan dabara. Tun Yulin 2021 aka halatta wa ɗaliban jami'o'in Amurka samun kuɗi da sunansu, manyansu suna karɓar miliyoyi, suna sauya makaranta yadda suka ga dama. Yaron da ya saba zaɓen makarantarsa da yin cinikin farashinsa tun yana 18, shi ne za a ce wa a 19 ya zauna na'ura ta zaɓa masa gari na shekara tara. Yarjejeniyar yanzu za ta kai kakar 2029-30, kuma kowane ɓangare yana iya fita daga cikinta shekara ɗaya kafin nan. Waɗannan yaran ne za su cika kujerun ƙungiyar ƙwadago lokacin da za a koma teburin.